Ranakun da Wata Ke Hana Léonce Taɓa Ƙasa

A ƙauyenmu na La Besse babu mai zuba iri a ƙasa bai tambayi wata ba, in ban da ni. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da lissafi a sakandaren Ussel, don haka na san wata dutse ne kawai da ke kewaya duniya, ba ruwansa da latas ɗin kowa. Kuma duk ƙauyen an haɗu a kan cewa babu lambun da ya kai nawa lalacewa. Na sha faɗa cewa waɗannan abubuwa biyu ba su da alaƙa da juna, ba a kuma taɓa yi mini gardama ba. Sai dai a dube ni da tausayi, a miƙo mini kabeji.

Wanda ya fi kowa miƙo mini kabeji shi ne maƙwabcina, Léonce Vialle. Shinge ne kawai tsakanin lambuna da nasa, bai wuce ƙirji ba, saboda haka shekara talatin kowa na kallon abin kunyar ɗan'uwansa. Ko in ce shi yana kallon nawa.

An haifi Léonce a gidan da yake ciki har yau, a ɗakin da yanzu yake ajiye dankali. Ya bar makaranta yana da shekara goma sha huɗu, malaminsa kuma bai roƙe shi ya tsaya ba. Ya yi kiwon shanun ubansa, ya yi soja shekara biyu waɗanda bai taɓa ba kowa labarinsu ba, ya dawo ya kama aikin gyaran hanyoyin ƙauye. Shekara talatin da takwas yana cike ramuka, yana sare ciyawar gefen titi, yana kwashe ƙanƙara da sanyin safiya don motar madara ta wuce. In ya tashi daga aiki sai ya shiga lambu, wai ya huta. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hularsa ɗaya ce tun da na san shi, kuma babu abin da ya tsana a duniya kamar zama. Ko a coci can baya yake tsayawa kusa da ƙofa, wai kujerun na mata ne da marasa lafiya.

Ilimin wata daga kakarsa ya gaje shi, kuma ba shi da tsawo. Abin da ke ba da amfani a sama, irin su wake da tumatir da kabewa, a shuka shi lokacin da wata ke cika. Abin da ke yi a ƙarƙashin ƙasa, dankali da karas da albasa da tafarnuwa, sai wata ya fara raguwa. Latas kuwa, duk da a sama yake, shi ma sai a raguwar wata, in ba haka ba ya miƙe ya yi fure ya yi ɗaci. Na taɓa tambayarsa dalilin da ya sa aka ware latas daga dokar. Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ruwa ke jiƙa mutum.

"Ai latas ne, Malam," in ji shi.

Wata shekara na ƙudura zan kawo ƙarshen maganar. Na shuka latas ɗina ana saura kwana biyu wata ya cika, da gangan, a gabansa, har na rubuta kwanan wata a jikin katako na kafa a bakin kunyar. Kafin tsakiyar Yuni kowane gindi ya miƙe ya kai mini gwiwa. Léonce ya dafa shinge ya daɗe yana kallo.

"Malam, wannan latas ne, ko sabuwar hasumiyar coci kake gina mana?"

Na yi masa bayanin zafin da aka yi a makon nan, da tsawon yini, da irin ƙasar. Ya saurare ni har ƙarshe, don mutum ne mai ladabi. Sannan ya tsinko latas biyu daga nasa, masu faɗi kamar faifai, ya miƙo mini ta saman shingen.

"Ka ci wannan kafin bayanin ya nuna," ya ce.

Cikar wata da raguwarsa Léonce da idonsa yake gani. Da safe in ya fito yakan ɗaga kai ya hango shi fari-fari a saman rumbun ciyawa. Amma akwai ɓangaren da ido ba ya gani. Kalandar lambu, wadda ake sayarwa a shagon iri kowane ƙarshen shekara, tana da ranakun da aka shafa wa ja, huɗu a wata, wani lokaci biyar. Ranakun da wata ke ƙetare hanyar rana ne, ko ya matso kusa da duniya ƙwarai, ko ya yi nisa ƙwarai. A irin waɗannan ranaku ba a taɓa ƙasa. Ba shuka, ba dashe, ba haƙa, ko ciyawa ba a cira. Wannan ɓangaren aikin matarsa Huguette ne.

Huguette tela ce, siririya, tabarau rataye a wuya, kullum da allura biyu ko uku a leɓe. Keken ɗinkinta yana jikin tagar da ke kallon lambu, wai a nan haske ya fi. Kalandar kuwa a cikin murfin kabad ɗin kicin take liƙe, inda Léonce ba ya sa hannu. Rubutun ƙanana ne, layi a kan layi, shi kuma ya ce tabarau na malamai ne da teloli. Kowace safiya, in ya shanye kofinsa ya sa hula, sai ya tsaya a bakin ƙofa. Ta tagata nake jin su.

"Ranki ya daɗe, me wata ya ce yau?"

Sai ta buɗe kabad, ta ɗora tabarau a hanci, ta bi layi da fensir.

"Ya ce je ka, tsoho." Tun yana da shekara talatin take ce masa tsoho.

Ko kuma: "Yau ba a taɓa ƙasa."

In ta faɗi haka, Léonce, wanda magajin gari bai iya sa shi ya ɗauki hutu ba, sai ya cire takalmin lambu ya zauna a benci ƙarƙashin taga, fuska a murtuke, yana sheƙar wake ko yana riƙe mata bakin yadi. Bai taɓa musu ba. Da wata ba a musu.

Yana da shekara hamsin da tara zuciyarsa ta buga masa gargaɗi a kan titi, shebur na hannunsa. Ya yi mako biyu a asibiti, aka sallame shi daga aiki, likita ya ce ya riƙa hutawa. Léonce ya gode wa likita, ya dawo gida ya ƙara kunya shida a lambu tunda yanzu yana da lokaci. Daga wannan shekarar ne watan gidan Vialle ya zama mai yawan hani. Ranakun da ba a taɓa ƙasa suka koma tara a wata, goma, cikin zafin Yuli har sha biyu. Ni ban lura ba. Ni a wurina huɗu da goma duk shirme ɗaya ne. Wadda ta lura ita ce Fernande Brousse, bazawarar da ke bayan coci, mai kalanda iri ɗaya da tasu. Wata Talata ta wuce da fartanya a kafaɗa ta ga Léonce zaune.

"Lafiya, Léonce? Rana irin wannan kana zaune kamar limamin coci?"

"Wata ya hana."

"Wane watan? Tawa kalandar fari fat take yau."

Huguette ta leƙo ta taga, allura a baki. "Fernande, a ina aka buga kalandar nan?"

"A Paris mana."

"To, mu a Paris muke? Mu nan a kan tudu muke, mun fi su kusa da wata. Dole mutum ya ƙara nasa lissafin. In ke kina iya sa albasarki a hannun mutanen Paris, Allah ya ba da sa'a."

Fernande ta koma gida ta ajiye fartanya. Ba wanda ke son a ce ya amince da mutanen Paris.

Haka suka yi shekara ashirin da huɗu. Huguette ta rasu a watan Fabrairun bara, bayan ciwon kwana tara. Ranar jana'iza Léonce ya zauna a kujerar gaba a coci, karo na farko da na ga haka, hularsa a kan gwiwa, kansa fari kamar ba nasa ba.

Da ƙanƙara ta narke ƙasa ta saki a ƙarshen Maris ya buɗe kabad ɗin da kansa. Rubutun bai iya karantawa, amma ja ba ya bukatar tabarau. Ya ga huɗu a wata, ya bi huɗu. Sauran ranakun duk ya ɗauke su halal. Gidan ba kowa, keken ɗinki a rufe da zane, shi kuma ba ya son shiga ciki, don haka daga fitowar rana har faɗuwarta yana waje. A watan Afrilu ya yi kwana goma sha ɗaya a jere yana turo taki a baro, yana haƙa, yana binne dankali. A rana ta goma sha biyu, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, na leƙa ta shinge ban gan shi ba, sai baron a tsaye. Yana kwance tsakanin kunya biyu, ido buɗe, leɓensa ya yi duhu.

"Kada ka taka dankalin," shi ne abin da ya fara ce mini.

Kwana biyar ya yi a asibiti. 'Yarsa Maryse, wadda ke aiki a kantin magani a Limoges, ita ta dawo da shi gida. Ta gaji jikin uwarta da taurin kan ubanta. A bakin ƙofa suka yi maganar, ina tsaye da jakarsa a hannu ban san inda zan ajiye ba.

"Baba, ba shawara na zo yi ba. Na gyara maka ɗaki a gidana. Hawa na huɗu, akwai na'urar hawa, akwai baranda."

"Me ake shukawa a baranda?"

"Tukunya biyu za ta ɗauka. Uku in ƙanana ne."

"Tukunya biyu," in ji shi. Ya juya ya dubi kunyoyinsa. "Maryse, ko kabarin uwarki ya fi wannan faɗi."

Ta share ido da bayan hannu cikin fushi. "To ji nan. Likita ya ce kana iya zama a gidanka in za ka yi aiki yau ka huta gobe. Zan dawo ƙarshen Yuni. In na tarar ka sake faɗuwa, ko na ga leɓen nan haka, wallahi a mota zan sa ka, ko da hularka ko babu."

"Na ji."

"Ka ji, amma za ka yi?"

"Na ce na ji."

Duk mun san abin da wannan ke nufi. Léonce bai taɓa zama don likita ba, bai taɓa zama don 'yarsa ba. Kuma duk mun san abin da hawa na huɗu zai yi masa. Ba zai kai kaka ba.

Kwana biyu bayan tafiyarta ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da rana tsaka, rungume da kwalin takalmi. Ya ajiye shi a kan teburina. Kalandu ne, ashirin da huɗu, an ɗaure su da zaren ɗinki.

"Malam, na gano abin da ya kayar da ni."

"Zuciyarka ce, Léonce. Da taki baro nawa ne ma?"

"A'a. Na yi aiki a ranakun da aka hana ban sani ba. Huguette tana da wani lissafi da babu shi a bugun. Ita takan samu tara, goma. Ni huɗu kawai nake gani. Na taɓa ƙasa a ranar da bai kamata ba, ita kuma ta taɓa ni." Ya turo kwalin gabana. "Kai ne mai lissafi. Ka nemo mini yadda take yi."

"Ka san ra'ayina a kan wata."

"Na sani, duk ƙauye ya sani, latas ɗinka ma ya sani. Ba ra'ayi na zo nema ba. Shekara talatin kana cin kabejina, ka yi mini aikin yini ɗaya."

Yini uku na yi. Kowace ranar da Huguette ta ƙara, ta sa mata ƙaramin gicciye da fensir a gefen lamba. Na kwashe su duka a takarda mai layi, fiye da dubu, na auna su da duk zagayen da wata ke da shi: na kwana ashirin da tara da rabi, na ashirin da bakwai da 'yan sa'o'i, har da waɗanda masu kalandar ba su sani ba. Babu wanda ya dace. Abu ɗaya da ya fito fili shi ne Alhamis: kusan kullum, Alhamis ɗaya cikin kowace biyu tana da gicciye. Wata kuwa bai san ranakun mako ba. Alhamis ranar kasuwar Ussel ce.

A yini na uku wata kalanda ta faɗi daga teburin ta kife, sai na ga rubutu a bayan shafin, ƙanana kamar ɗinkin hannu. Na juya sauran. Duk suna da shi. Kwanan wata, sai kalma uku ko huɗu.

Sha biyu ga Afrilu: taki, baro sha huɗu. Na duba gaba, sha uku ga Afrilu, gicciye.

Shida ga Mayu: ya dafa shinge sau biyu. Bakwai ga Mayu, gicciye.

Ya bar miya a kwano. Gicciye. Ya cire hula ya zauna kan baro. Gicciye biyu a jere. Leɓensa ya yi duhu. Gicciye uku. Ya yi tari da asuba. Ya ce ba komai.

Ashe hasken tagar ba na ɗinki ba ne kaɗai. Shekara ashirin da huɗu tana zaune a keken nan, ido ɗaya a kan allura, ɗaya a kan bayan mijinta, tana lissafi. Ban taɓa ganin binciken da aka yi da kula irin wannan ba, kuma na yi aiki da masu digiri. A cikin duka, in ban da na Alhamis, akwai rana ɗaya, wata Laraba a Satumba shekara tara da suka wuce, da gicciyen bai bi bayan wani aiki ba. A bayan shafin ta rubuta: Ba komai. Ina so ya zauna nan.

Na rufe kwalin. Shekara talatin da huɗu na yi ina jan kunnen yara kada su rubuta amsar da suka san ba ita ba ce. In na gaya wa Léonce gaskiya, ya rasa watan, ya rasa muryar matarsa ta safiya, ya koma kwana huɗu a wata, sai hawa na huɗu. In na ƙi gaya masa, to na zama mai duba.

Washegari da safe yana jikin shinge, takalmin lambu a ƙafa. Jiya ya yini yana fiƙe sandunan wake. Na gan shi ta tagar kicin ɗina, na kuma ga ya dafa shinge sau uku. Tsakiyar Mayu ce, an wuce kwanakin sanyin ƙarshe, wata na cika, saura masa kwana uku. In wake bai shiga ƙasa cikin kwana ukun nan ba, sai a jira wani zagaye.

"Malam, ka samo?"

"Na samo."

"To, me wata ya ce yau?"

Na dubi leɓensa. Na dubi takardar da ke hannuna, wadda babu komai a cikinta sai jerin abin da zan saya a shago.

"Yau ba a taɓa ƙasa," na ce. "Gobe ma haka."

"Kwana biyu? Waken fa?"

"Jibi da safe ƙofa za ta buɗe, daga bakwai zuwa sha ɗaya. Bayan nan ta rufe."

"Sa'a huɗu ba za su isa in kafa sanduna in shuka ba."

"Sandunan ba ƙasa ba ne a wurina, tunda ni ban yarda da wata ba. Ni zan kafa."

Ya daɗe yana kallona daga ƙarƙashin hular. "Yaya lissafin yake?"

"Tsawon tudun La Besse a kan teku, a raba da nisan wata a ranar, a cire bambancin Paris." Ban taɓa furta jimla marar ma'ana irin wannan ba, kuma muryata ko rawa ba ta yi ba.

"Haka take cewa," in ji shi. "Bambancin Paris." Ya juya ya tafi benci ya cire takalmin.

Na kafa sandunan. Ya zauna yana ba da umarni, ya sa na cire rabinsu na sake, ya ce ko ɗan maye ya fi ni sanin miƙaƙƙen layi, kuma a banza gwamnati ta ba ni allo shekara talatin. Jibi da safe ya zuba wakensa, biyar-biyar a gindin kowace sanda, ya gama sha ɗaya saura kwata, ya wanke hannu.

Daga nan aikin ya zama nawa. Na matsar da teburina jikin taga. Na sayi ƙaramin littafi, na fara rubutu irin nata, duk da idona bai kai nata ba: sai da na yi mako uku kafin in gane cewa in ya tsaya yana duban sama ba wata yake nema ba, numfashi yake jira. Kowace safiya yakan zo shinge ya tambaya, in buɗe littafi in faɗa. Fernande ta zo da kalandarta ta nuna mini farar rana. Na zana mata kusurwa uku a bayan ambulan, na sa haruffa a kowace kusurwa. Ta ce dama ta san Huguette ba ta ƙarya, ta tambaye ni ko ranar Asabar ta yi kyau da dashen kabeji.

Maryse ta zo ranar ashirin da tara ga Yuni ba ta sanar ba. Rana ce mai kyau, sama garau, ƙasa da ɗan laima, irin ranar da ko gurgu zai so ya yi noma. Ta tarar da ubanta a benci ƙarƙashin taga, ƙafa a miƙe, yana ɓare koren wake a kwano. Ta tsaya a bakin ƙofar lambu da makullin mota a hannu.

"Baba, ba ka da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau."

"To me kake yi a zaune?"

"Wata ya hana."

Ta matso, ta kama haɓarsa ta juya fuskar wajen haske kamar yadda ake yi wa yaro, ta duba leɓen. Ta ɗaga hannunsa ta ga farcen ba ƙasa. Ta dubi lambun: wake ya kai rabin sanda, dankali ya yi fure, ciyawa ta ɗan fi ta bara yawa. Sannan ta hango ni a bayan shinge da littafi a hannu.

"Malam, kai ma?"

"Lissafin mahaifiyarki ne," na ce. "Na duba shi sosai. Babu kuskure ko ɗaya."

Ta dube ni, ta dubi tagar da keken ɗinkin ke bayanta a rufe. Maryse ta girma a gidan nan, ba sai an yi mata bayani ba. Ta sa makullin a jaka, ta zauna kusa da shi, ta jawo kwanon.

"Matsa, tsoho," ta ce. "Kana ɓata rabi."

Ba a sake maganar hawa na huɗu ba. Na ji ɗakin da ta gyara masa, yanzu a cikinsa Maryse take guga.

A farkon Nuwamba, wata Laraba da yamma, ina fama da shebur a nawa lambun, ya zo ya dafa shinge. Makon nan bai yi wani aikin kirki ba, launinsa da kyau, don haka na riga na rubuta masa gobe fara: wata na raguwa, lokacin tafarnuwa ne.

"Gobe kana iya sa tafarnuwarka," na ce. "Yini guda, a buɗe."

"Malam, lissafinka ya yi gajere."

"Ta ina?"

"Gobe Alhamis ce, kuma waccan Alhamis na yi aiki. Watan Huguette bai taɓa barina in yi Alhamis biyu a jere ba." Ya gyara hula, fuskarsa kamar yana maganar farashin taki. "Yana son kifin kasuwar Ussel, watan nan. Kuma ba ya iya ɗaukar kwando shi kaɗai."

Na jingina da shebur.

"Tun yaushe, Léonce?"

"Tun yaushe me?" Ya dube ni ido cikin ido. "Ni ban iya karanta kalanda ba, kowa ya sani. Abin da aka ce mini shi nake bi." Ya nuna bayana da haɓa. "Kai ma ka ajiye wannan shebur ɗin, tun ɗazu ka dafa ƙugu sau uku. Ina jin yau ma ba a taɓa ƙasa."

Na ajiye.

Da safe na fito da mota muka tafi Ussel. Ya sayi kifi biyu, ya yi wa mai cuku ba'a, ya sa ni ɗaukar kwando. A hanyar komawa wurin mota ya shiga shagon iri ya fito da kalandar shekara mai zuwa, da fensir sabo. Ya cusa su a kwandon, tsakanin kifin da burodi. Tafarnuwar ranar Juma'a ya sa ta, daga takwas zuwa sha biyu, ya bar mini layi ɗaya a ƙarshe wai in koya.